Furosesa da Katin Hoto: Yadda Mai Ƙaramin Jari Zai Raba Kuɗinsa a Kasuwar Accra

Wanda ya shiga Tip Toe Lane da ke Kwame Nkrumah Circle da niyyar haɗa kwamfutar wasa, tambayar da aka fi tarbarsa da ita ita ce ko i5 yake so ko i7, wato nau'o'in furosesar kamfanin Intel, na'urar da ke yi wa kwamfuta lissafi, kuma a kan wannan tambaya ce matasanmu da yawa na Nima da Mamobi da Sabon Zango suke fara tafka asara. Sunan i7 shi kaɗai ba ya gaya wa mai saye komai, sai an haɗa shi da lambar da ke biye da shi, domin ita ce ke nuna zamanin da aka ƙera furosesar. Core i7-4770 ya fito ne a 2013, Core i3-12100F kuwa a farkon 2022, dukansu suna da ƙwaya huɗu, wato sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa, da zaren aiki takwas, wato ayyukan da za su iya ɗauka a lokaci guda, amma ƙaramin na zamani ya yi wa tsohon fintinkau a kowane wasa. Ga kuma wata matsalar: kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar furosesar Intel da ba ta kai zamani na takwas ba a hukumance, in ban da 'yan ƙalilan. Don haka mai sayen tsohon i7 yana biyan kuɗin suna ne a kan na'urar da hanyarta ta riga ta ƙare.

Kafin a taɓa aljihu, ya kamata mutum ya rubuta wasannin da zai riƙa bugawa da gaske. Mafi yawan waɗanda na sani a unguwanninmu ƙwallo suke bugawa, wato EA Sports FC, wanda har yanzu kowa FIFA yake kiransa duk da an sauya masa suna a 2023, da eFootball, sai GTA V da Fortnite da Valorant. Waɗannan ba sa buƙatar kayan alfarma a kan allo mai girman 1080p. Wanda kuma ransa yake kan Warzone ko manyan wasannin da ke fitowa yanzu, lissafinsa daban ne, domin su ne ke cinye ƙwaƙwalwar katin hoto. A kowane hali dai, katin hoto shi ne ke zana abin da ido ke gani sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa, furosesa kuwa aikinta shi ne ta shirya masa abin da zai zana ba tare da ta sa shi jira ba. Saboda haka a ganina katin ne ya cancanci kaso mafi tsoka, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwamfutar gaba ɗaya ko ma ɗan fiye, furosesa kuma a tsaya a kan matsakaiciya wadda ba za ta riƙe masa ƙafa ba.

A ɓangaren furosesa, hanyoyi biyu ne suka dace da ƙaramin jari. Ta farko ita ce ta kamfanin AMD a kan soket ɗin AM4, wato mazaunin da ake dasa furosesa a kai, inda Ryzen 5 5600, wanda ya fito a 2022, yake da ƙwaya shida da zare goma sha biyu, yana cin kimanin wat 65, kuma sabo a kwali yakan zo da fankarsa. Ta biyu ita ce ta Intel a kan soket ɗin LGA1700, inda ake da i3-12100F mai ƙwaya huɗu da i5-12400F mai ƙwaya shida. Tsakanin 5600 da 12400F babu tazarar da ido zai gani a wasa, don haka abin da zai raba gardama shi ne farashin madabod ɗin da aka samu a ranar, wato babban faifan da ake ɗora dukkan kayan kwamfuta a kai. Na fi karkata ga AM4 saboda dalili guda: soket ɗin ya daɗe a kasuwa tun zamanin Ryzen na farko a 2017, madabod irin B450 da B550 sun yawaita a hannun jama'a, kuma idan ɗaya ya ƙone ba a shan wahalar samun madadinsa. Sai dai mai sayen B450 na hannu ya tabbata an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta, in ba haka ba zai iya ƙin tashi da furosesar jerin 5000 irin 5600.

Akwai sunaye biyu masu kama da 5600 da ke ruɗar mutane. Ryzen 5 5500 shi ma ƙwaya shida ne kuma ya fi araha, amma ma'ajiyarsa ta kusa, wadda ake kira L3, megabait 16 ce maimakon 32, kuma iyakarsa PCIe 3.0, wato tsohon nau'in hanyar da yake sadarwa da katin hoto. Wasanni suna amfana da girman wannan ma'ajiya ƙwarai, don haka idan bambancin farashin bai taka kara ya karya ba, 5600 ya fi. Shi kuwa Ryzen 5 5600G yana ɗauke da nasa ɗan katin hoto a ciki, kuma wannan ya sa ya zama mafita ga wanda kuɗinsa bai kai na kati ba a yanzu. Zai iya buga Valorant da GTA V da tsofaffin wasannin ƙwallo idan ya rage kyan hoto, ya ci gaba da tara kuɗi, ranar da ya samu ya ƙara kati. Sharaɗinsa shi ne a sa masa ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, sanda biyu, misali biyu masu gigabait 8, domin katin cikin nasa daga ram yake aron ƙwaƙwalwa, kuma sanda ɗaya tana rage masa gudu sosai. A kula kuma da harafin F a ƙarshen sunan furosesar Intel: yana nufin babu katin hoto a cikinta, haka ma 5600 da 5500, don haka ba za su nuna komai a allo ba sai da kati na daban.

Sabon soket na AMD, wato AM5 da ya fito a 2022, yana da kyau kuma yana da sauran rayuwa a gaba, amma sabon nau'in ram mai suna DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma ƙarin kuɗin madabod da ram ɗinsa daga kason katin hoto zai fito. Ga mai ƙaramin jari ban ga ribar hakan ba.

Katin hoto shi ne inda ya kamata a zauna a yi dogon nazari. A ƙasan jerin akwai RX 580 mai gigabait 8, katin 2017 wanda ya cika kasuwannin kayan hannu kuma farashinsa ke jan hankali. Har yanzu yana iya ɗaukar wasannin ƙwallo da GTA V, amma yana da aibi uku da bai kamata a ɓoye wa mai saye ba. Yana cin wat 185, yana ɗaukar zafi. Da yawa daga cikinsu sun yi shekaru suna aikin haƙar kuɗin kirifto dare da rana, kafin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da katin hoto a watan Satumban 2022 a zubo su kasuwa. Sannan akwai wani nau'i mai suna RX 580 2048SP, wanda a zahiri ƙarfinsa na RX 570 ne, amma ana sayar da shi da sunan babban. Tsofaffin katunan Nvidia irin GTX 1050 Ti da GTX 1060 su ma zamaninsu ya ja baya, domin kamfanin ya daina fitar musu da direbobi, wato manhajar da ke sarrafa kati, waɗanda ake gyara wa sababbin wasanni. GTX 1660 Super na 2019 ya fi su duka dacewa a wannan mataki, tun da wat 125 yake ci kuma yana da gigabait 6, sai dai ba ya iya fasahar bin haske da ake kira ray tracing, wadda wasu sababbin wasanni, kamar Doom: The Dark Ages na 2025, ba sa tashi sai da ita.

Katin da nake ganin ya fi dacewa da yawancin masu karanta wannan shi ne Radeon RX 6600, wanda ya fito a Oktoban 2021. Yana da gigabait 8, yana cin wat 132, ya fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma yana buga kusan kowane wasa a 1080p da hoto mai kyau. Ya fi RTX 3050 gudu a yawancin wasanni, alhali sau da yawa farashinsu kusa yake, domin sunan RTX yana sa a ɗora wa kati kuɗi. Haɗin Ryzen 5 5600 da RX 6600 da ram gigabait 16 shi ne ma'aunin da zan shawarci mutum ya riƙa auna duk wani tayin da aka yi masa da shi.

Wanda ke da ɗan ƙari zai tarar da RTX 3060 da RTX 4060 a gabansa, kuma zaɓin da ke tsakaninsu yana da ɗan wuya. RTX 3060 na 2021 yana da gigabait 12 kuma yana cin wat 170. RTX 4060 na 2023 ya fi shi gudu, wat 115 kacal yake ci, amma gigabait 8 ne da shi. Ga mai wasa kawai a 1080p, musamman a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska, 4060 ya fi kwanciyar hankali. Ga wanda zai haɗa wasa da tace bidiyon biki ko zanen gini, ƙarin ƙwaƙwalwar 3060 tana da amfani na gaske. A nan ma akwai tarko, domin an fitar da wani RTX 3060 mai gigabait 8 wanda bai kai na asali gudu ba, don haka a duba adadin kafin a biya. Dukansu suna da DLSS, dabarar Nvidia ta ƙara yawan hoto ba tare da an rasa kyansa sosai ba, AMD kuma tana da FSR wadda ke aiki a kan katunan kamfanoni daban-daban. Intel Arc B580 da ya fito a Disamban 2024 da gigabait 12 a kan dala 249 ya yi kyau a takarda, amma yana buƙatar madabod mai Resizable BAR, wato saitin da ke bai wa furosesa damar kaiwa ga dukkan ƙwaƙwalwar kati a lokaci guda, kuma ba ya nuna cikakken ƙarfinsa a kan tsohuwar furosesa.

Kati ɗaya ne zan ce a kauce masa kai tsaye, shi ne RX 6500 XT. Gigabait 4 ne da shi, layin PCIe huɗu kacal yake amfani da su, kuma idan aka haɗa shi da 5500 ko 5600G ko tsohon madabod mai PCIe 3.0, ƙarfinsa yana ƙara zubewa.

Na yi ta ambaton wat ne saboda a Accra lambar tana da ma'ana ta zahiri. Bambancin wat 53 da ke tsakanin RX 580 da RX 6600, idan ana wasa awa huɗu kullum, ya haura yunit 6 na wuta a wata a kan mitar ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ban da zafin da zai ƙaru a ɗaki a watannin Fabrairu da Maris. Kati mai cin wuta yana kuma buƙatar akwatin wuta mai ƙarfi, wato na'urar da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, kuma a nan ne mutane suka fi yin rowar da ke cutar da su. Akwatin wuta marar suna da aka rubuta wa wat 600 yana iya kasa bayar da abin da ya yi alkawari, kuma ranar da ya mutu yana iya tafiya da katin da aka sha wahalar saye. Mai wat 550 daga sanannen kamfani, mai tambarin 80 Plus Bronze, ya ishi haɗin 5600 da RX 6600 ko RTX 4060. Wanda ya rayu a zamanin dumso ba ya buƙatar a tuna masa abin da ɗaukewar wuta da dawowarta da ƙarfi ke yi wa kayan lantarki, don haka a sa kuɗin sitabilaiza ko ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, cikin lissafi tun daga farko. Ƙurar hunturu ma tana toshe fankoki daga Disamba zuwa Fabrairu, saboda haka kati mai fanka biyu da akwati mai raga a gaba sun fi dacewa da yanayinmu.

Akwai masu bin wata hanya ta daban, wato su sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP ProDesk da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, su cusa mata kati. Dabarar tana aiki, amma iyakarta a kusa take. Siraran cikinsu gajeren kati kawai suke ɗauka, akwatin wutarsu ƙarami ne kuma galibi ba shi da wayar da manyan katuna ke buƙata, don haka zaɓin ya tsaya a kan irin su GTX 1650 ko RTX 3050 mai gigabait 6, waɗanda ke shan wutarsu daga ramin madabod. Idan za a bi wannan hanya, kada a sauka ƙasa da Intel zamani na takwas, kamar i5-8500 mai ƙwaya shida.

Tun da farashin waɗannan kaya yana bin hawa da saukar dala a kan sidi, kuma da yawansu na hannu ne, gwaji a gaban mai shago ya zama dole, ko a Circle ne ko a Adum na Kumasi ko kuma wurin wanda aka haɗu da shi a intanet. A nemi a ɗora katin a kan kwamfuta, a buɗe manhajar GPU-Z a ga ko sunansa da yawan ƙwaƙwalwarsa sun yi daidai da abin da aka faɗa, domin akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna ta hanyar taɓa BIOS ɗinsu. Sannan a kunna manhajar gwajin kati mai suna FurMark ko wani wasa mai nauyi na aƙalla minti goma sha biyar, ana lura da zafi da ƙarar fanka, da kuma ko ɗigo-ɗigo ko layuka masu launi za su bayyana a allo, domin alama ce ta ƙwaƙwalwar da ta fara lalacewa. A gwada kowace kafar HDMI da DisplayPort da ake haɗa allo da su, a duba bayan katin ko akwai tsatsa ko wurin da ya sauya launi saboda zafi. Furosesar AM4 kuma a juya ta a duba ƙafafunta da kyau, tun da a jikinta suke kuma suna saurin lanƙwashewa, ta Intel kuwa a cikin soket ɗin madabod ƙafafun suke, can za a haska fitila a duba. A ƙarshe a nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin kayan da kuma adadin kwanakin garanti a rubuce, kuma idan mai kaya ya ƙi yarda a gwada, a yi masa sallama cikin mutunci a wuce shago na gaba.