Wata huɗu ina rubuta manhaja a kan kwamfutar haya ta gajimare

Fankar laftof ɗina ce ta kore ni. Da zarar na tayar da Docker (mai gudanar da manhaja cikin kwantena, wato ƙunshin manhaja da duk abin da take buƙata) da PostgreSQL (rumbun bayanai), ga burauza da shafuka ashirin a buɗe, sai ta kama kuka kamar za ta tashi sama, RAM ɗin gigabait 8 ya cika taf. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo: CPU ɗin laftof ɗin samfurin ARM ne, na sabar da manhajarmu ke zaune a kai kuwa x86 ne. Sau biyu na gina kwantena a wurina, na tura, sabar ta amsa mini da "exec format error". Sai na ce to, bari in yi hayar kwamfutar kama-da-wane, wadda muke kira VM, daga wani kamfani ta intanet, in kwashe aikin in kai can.

Ƙirƙirar ta ba wani aiki ba ne. Ka zaɓi tsarin aiki, ka zaɓi girma, ka zaɓi cibiyar da za ta zauna, ka danna, kafin ka gyara zama an ba ka adireshin IP. Na ɗauki Ubuntu 24.04 LTS, wani nau'in Linux, wadda ta fito a Afrilun 2024 da alƙawarin gyaran tsaro na shekara 5, don ba na son in riƙa sauya tsari duk bayan wata shida. Na ɗauki vCPU 2 da RAM gigabait 2, wai ni mai tsimi. Wajen zaɓen cibiya ne kawai na tsaya na auna da ping, domin duk harafin da ka danna a SSH, hanyar shiga injin daga nesa, sai ya je can ya dawo kafin ka gan shi.

Na shiga da makulli, wanda na yanka da `ssh-keygen -t ed25519`. Washegari na leƙa rajistar shiga don kawai in gani, sai na tarar da layuka jere ba iyaka: root, admin, oracle, test, daga adireshin da ban taɓa gani ba. Babu wanda ya san ni. Injuna ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH, ta duk wanda suka samu. Na rufe shiga da kalmar sirri a sshd_config, fayil ɗin saitin SSH, na hana root, asusun mai cikakken iko, shiga. Ga wani tarko a nan: Ubuntu tana fara karanta fayilolin da ke cikin sshd_config.d, kuma abin da aka fara gani shi ke cin nasara. Idan akwai wani ɗan fayil a ciki da ya bar kalmar sirri a buɗe, gyaranka ya tashi a banza. Umarnin `sshd -T` ne zai nuna maka abin da ke aiki a zahiri.

Wurin da na fi jin daɗi shi ne editan kod na VS Code da ƙarinsa na Remote SSH. Editan yana gabana, amma fayiloli da taminal da komai suna can. Na tayar da manhaja a ƙofa ta 3000 a sabar, na buɗe localhost a burauzata, ga ta. Bayan kwana biyu na manta ma cewa ba a kan cinyata kod ɗin yake ba.

Tsimin kuwa bai yi nisa ba. A mako na farko ina gina manhajar sai ta tsaya cak, kalma ɗaya a allo, "Killed", da lambar fita 137. Na ɓata awa guda ina zargin kod ɗina kafin `dmesg` ya faɗa mini gaskiya: RAM ta ƙare, Linux ta zaɓi wanda ya fi ci ta kashe shi. Injin ya zo babu swap ko kaɗan, wato wurin diski da ake arowa idan RAM ta cika. Na ƙara fayil ɗin swap na gigabait 2, ginin ya daina mutuwa amma ya koma tafiyar hawainiya, har na haƙura na ɗaga RAM zuwa 4.

Sai babban kuskurena, kuma nawa ne ni kaɗai, don an rubuta shi ƙarara a takardun bayani, ban karanta ba. Na kunna UFW, katangar tsaro ta Ubuntu, na buɗe ƙofa ta 22 kawai, na kwanta da kwanciyar hankali. Ashe idan ka ce wa Docker `-p 5432:5432`, kai tsaye yake rubuta dokokinsa a iptables, tushen katangar tsaro ta Linux, zirga-zirgar ta bi ta wata hanya da ba ta ratsa dokokin UFW ba. Wato rumbun bayanaina na gwaji, mai kalmar sirrin da ko yaro zai iya cinka, ya yi kwana tara a buɗe ga duniya, alhali `ufw status` yana nuna mini komai a kulle. Na gano ne da na gwada haɗawa daga laftof don wani dalili daban, sai kawai ya amsa. Gumi ya keto mini. Maganin layi ɗaya ne, a rubuta `127.0.0.1:5432:5432`, sannan a kunna katangar tsaro ta kamfanin hayar, wadda ke tsaye a wajen injin. Bayanan bogi ne a ciki, amma duk da haka na goge injin gaba ɗaya, don ban san wa ya taɓa me ba.

Sake ginawa da hannu ya cinye mini rabin yini, ina ta ƙoƙarin tuna abin da na girka da wanda na gyara. Wannan wahalar ce ta kai ni ga cloud-init, kuma daga nan ne hayar ta fara biyan kanta. Kana ba shi fayil ne na YAML, wani tsarin rubuta saiti, da ke farawa da `#cloud-config`. A ciki ka rubuta mai amfani, makullinsa, manhajojin da za a girka da umarnin da za a gudanar, ka liƙa shi lokacin ƙirƙirar injin, shi kuma ya yi komai a tashin farko. Yanzu in zan saki sabon aiki, sabon inji nake tayarwa fil, in jawo kod daga Git, ma'ajiyar kod ɗinmu, in gudanar da gwaje-gwaje, in goge shi. Karon farko da na yi haka gwajin ya faɗi nan take: akwai libpq-dev, wani ƙunshi na haɗawa da PostgreSQL, da na taɓa girkawa da hannu tun tuni, babu inda aka rubuta cewa manhajar na buƙatarsa. Da sai ranar da sabon abokin aiki ya zo za mu sani.

Korafina a kan kamfanin guda biyu ne. Na farko, na kashe injin tsawon mako guda ina zaton na tsayar da lissafi, ashe a wurinsu sai ka goge shi gaba ɗaya, kuma hotunan diskin da ka ajiye su ma da nasu lissafin. Yana cikin sharuɗɗa, amma da sun sa gargaɗin kusa da maɓallin kashewa, da ya fi. Na biyu, injin da ake raba CPU da maƙwabta ba ya tsayawa kan gudu ɗaya. Gwajin da ya saba ƙarewa da wuri wani lokaci sai ya ja, in buɗe `top` in ga lambar st ta hau, alamar wani ne ke cin rabona. Don rubuta kod ba komai, amma kada ka auna saurin manhajarka a irin wannan injin ka yarda da sakamakon.

Intanet kuwa in ta yanke, aiki ya tsaya, babu dabara. Abin da tmux, manhajar da ke riƙe zaman taminal a sabar, ke yi maka shi ne ginin da ka bari yana tafiya ba zai mutu ba, in ka dawo ka tarar da shi inda yake.

Wanda aikinsa ɗan shafi ne mara nauyi, laftof ɗinsa ya ishe shi. Wanda kuma ke fama da kwantena uku ko huɗu, ko yake son gwaji a kan irin sabar da manhajarsa za ta zauna, ina ba shi shawara ya gwada, ya fara da gigabait 4. Ni dai yanzu na sa wa wayata tunatarwa duk ƙarshen mako: tura kod zuwa Git, duba hotunan diski, goge injin da ba na amfani da shi.