Hular kwanon ɗan mazan jiya: a kai ta wurin mai fenti, ko a bar ta da tsufanta?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Gombe, na ga tambayarka da hotunan da ka turo. Ka ce kana kwashe kayan ɗakin kakanka da ya je yaƙin Bama, sai ka tarar da hular kwanonsa a ƙasan adaka, ta yi tsatsa, fenti ya ɓare nan da can, gefe ɗaya ya lotsa. Kana so ka san ko ka ba mai fentin mota ya mayar da ita sabuwa, ko ka bar ta yadda take. Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa.

Hanyoyin biyu duk na bi su, shi ya sa nake da bakin magana. Sabuntawa ita ce a kankare ta da samfefa har ƙarfe ya fito fes, a buge lotsawar, a cike ramuka, a fesa sabon fenti, a sa sabon maɗaurin haɓa. Adanawa kuwa ba jefa ta bayan ƙyaure ba ne. Ita ma aiki ce: a tsayar da tsatsa, a share ƙura, a raba ta da danshi, amma ba a cire mata abin da ta zo da shi.

Kafin komai, san abin da ke hannunka. Yadda na ga faɗin bakinta kamar tasar da aka kife, ta yi kama da samfurin Mk II na sojan Ingila, wanda aka fara ƙerawa a 1938. Kifa ta a fili da rana, ka duba cikin baki kusa da inda maɗauri yake kamawa. Sau da yawa a nan ake buga shekara da haruffan kamfanin da ya yi ta, irin su BMB ko JSS. Ɗora mata maganaɗisu: ta fagen fama an yi ta da ƙarfe mai manganis, ba ya kama ta. In kuma ka ga ƙananan huji uku a jere a bakin baya, ƙirar Afirka ta Kudu ce, an yi su don rataya ƙyallen kare wuya. Mai fenti da bai sani ba zai ɗauka lalacewa ce, ya toshe su.

To, a nan hanyoyin suka rabu. Wajen kyan gani sabuntawa ta yi gaba, babu musu. Za ka ɗora ta a falo tana sheƙi. Amma wajen abin da hular ke faɗa, samfefa ba ta san tarihi ba. Shekarun baya na sayi wata a hannun mai gwangwan a nan Bauchi. A cikinta, kusa da tsakar ka, akwai wasu lambobi da aka rubuta da farin fenti, sun dusashe har sai ka karkata ta ga haske kafin ka gan su. Na kai wa wani mai fenti, na ce ya gyara. Bayan kwana uku ya miƙo mini ita kore shar, sumul kamar sabon kwanon sha, yana murna. Lambobin sun tafi. Ba laifinsa ba ne, abin da na sa shi ya yi. Har yau in na kalle ta sai zuciyata ta sosu, don wataƙila lambar sojan mai ita ce, kuma da ita kaɗai za a iya bin sawunsa.

Taka kuwa ka san mai ita. Mutanenmu sun je Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma tsakanin 1943 da 1945, ta farko mai alamar gizo-gizo, ta biyu mai alamar mashi biyu a gicciye bisa gammo. Sun yi fama a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓe garin Myohaung a watan Janairun 1945, sunan da wani barikin soja a Legas ke ɗauke da shi har yanzu. Fentin da ya rage a hular nan, da shi ta bi kakanka duk inda ta bi shi. Lotsawar ma nata ce. In ka buge ta, jikokinka za su ga ƙarfe ne kawai.

Ta fuskar kuɗi, adanawa ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma masu tara irin waɗannan kaya a Ingila da Amurka sun fi daraja mai fentinta na asali ko da ya ɓare. Wadda aka sake wa fenti farashinta faɗuwa yake yi. Ta fuskar lafiya ma kankara tana da haɗari: tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma hulunan Ingila na yaƙin 1914 zuwa 1918 da yawansu akwai asbestos, wani abu da ƙurarsa ke cutar da huhu, a matashin ciki. In shekarar da ka gani ta wancan zamani ce, kada ka taɓa cikin.

Ba na ce sabuntawa ba ta da wuri ba. Akwai hular da ta shekara ashirin tana zaman kwanon ruwan kaji, ba fenti, ba matashi, ba rubutu. Wannan a gyara ta, ba a yi asarar komai ba, sai dai a gaya wa duk wanda zai gaje ta ko ya saya cewa fentin sabo ne. Haka kwalkwalin 'yan lifidi da muke gani a hawan sallah: kayan aiki ne mai rai, dole a riƙa sabunta shi don a hau da shi. Ta kakanka ta riga ta gama nata aikin.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. Dubi launin tsatsar. Mai duhu, sumul, wadda ba ta bin yatsa, ta kwanta, ƙyale ta. Ja mai gari-gari ita ce mai cin ƙarfe. Share ta a hankali da burushi mai laushi, busasshe, ba ruwa ba sabulu. Kada ka kusance ta da baƙin mai, ko ruwan batir, ko burushin waya. In ka samu kakin da gidajen tarihi ke amfani da shi, Renaissance Wax, gwada ɗan kaɗan a lungu ɗaya, sannan ka shafa siriri. Alherinsa shi ne ana iya cire shi daga baya. Notin nan guda ɗaya na tsakar ka da ke riƙe matashin ciki, kada ka kwance shi.

Sai ajiya. Danshin Agusta shi ne babban abokin gabarta, hunturu kuma yana busar da matashin har ya tsattsage. Kada ka ƙulle ta a leda, kada ka rataye ta da maɗaurinta, kada ta taɓa ƙasa saboda gara. Samar mata kanta a ɗaki mai iska, nesa da rana, ka riƙa leƙa ta lokacin damina. Kuma tun tsofaffin gidanku suna raye, zauna da su ka rubuta sunan kaka, da shekarar da ya tafi, da wadda ya dawo, ka ajiye takardar tare da hular. Turo mana hoton cikin bakinta da rana, mu taya ka karanta haruffan.