Damina Ɗaya da iNaturalist a Hannu

Tun faɗuwar ruwan fari na sauke manhajar iNaturalist a wayata, don na gaji da tara hotunan kwaɗi da ƙadangarun da ban san sunansu ba. Ka ɗauki hoto ka ɗora, ta haɗa da rana da wurin da ka ɗauka, ta kawo maka hasashen kwamfuta a kan abin da ka gani. Ni dai ba hasashen ne ya riƙe ni ba, mutanen da ke duba hotunan ne. Hoto ba ya hawa matakin bincike sai aƙalla mutum biyu sun sa masa suna, kuma fiye da kashi biyu cikin uku sun tsaya a kan jinsi ɗaya. Irin wannan ne yakan wuce GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya, inda masana ke ɗiba. Ɗalibai ne suka fara iNaturalist a Jami'ar Kalifoniya a 2008, tun 2023 kuma take cin gashin kanta, ba don riba ba.

Wani dare ina bin kukan kwaɗi da fitilar goshi, sai na haske wani siririn maciji a gindin bishiyar da tsuntsaye suka cika da sheƙa. Ruwan ƙasa ne, da tabo-tabo a gadon baya. Nan take ya naɗe yana goga jikinsa da jikinsa, yana wani ƙara kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Gabana ya faɗi. Na ja da baya, na zuƙo shi daga nesa, na samu hoto uku, biyu sun yi dishi-dishi don hannuna rawa yake. Na ɗora, na rubuta kububuwa ba ko tantama.

Da safe na tarar wani masanin macizai ya canza sunan, bai kuma tsaya a nan ba, ya ce in sake duban saman kan. Kan kububuwa faffaɗa ne, ya fita daban da wuya, kuma ƙananan ɓawo ne suka rufe shi. Nawa kuwa ɗan ƙaramin kai gare shi, kusan kaurinsa ɗaya da wuyan, da manyan ɓawo shimfiɗe a sama. Ashe macijin nan ne mai haɗiyar ƙwai, Dasypeltis. Dafi babu, haƙoran kirki ma babu. Yakan haɗiye ƙwan tsuntsu ɗungurungum, wasu tsinin ƙashin bayansa su fasa shi a maƙogwaro, ya shanye ruwan ya amayo ɓawon. Gogar jikin nan duk kwaikwayon kububuwa ne don a ji tsoronsa, kuma ni dai ya ci nasara a kaina. Sheƙun da ke saman kaina ma sun isa su sa in yi tunani, tsoro ne ya hana.

Tun ranar na canza yadda nake ɗauka: kai daga sama, kai daga gefe, sannan jiki gaba ɗaya. Nisan kuwa ban rage ko taku ɗaya ba, don amsar masani sai gobe take zuwa, macijin kuma yanzu yake gabanka.

Wani abu da ya burge ni shi ne ɓoye wuri. In jinsin yana cikin haɗarin ƙarewa, manhajar kan lulluɓe ainihin inda aka gan shi cikin fili mai faɗin kusan kilomita 20, saboda masu kamawa su sayar. Kai ma kana iya ɓoye naka, ni kuwa ko hawainiya na ɗora sai na ɓoye.

Kwaɗi ne suka gwada haƙurina. Ƙananan da ke maƙale a jikin ciyawar bakin ruwa launinsu yakan sauya tsakanin dare da rana, jinsi biyu kuma su yi kama kamar an tsaga kara. Hoto kaɗai ba ya raba su, sai an haɗa da kukan namiji, kuma manhajar tana karɓar sauti. Ban gane haka ba sai da damina ta yi nisa. Ina da wani ɗan kore da bai wuce kan babban yatsa ba, wata biyu ke nan yana zaune da sunan danginsa kawai, kududdufin da na same shi kuma ya riga ya ƙafe.