Bulok ɗin baƙin ƙarfe da na alminiyum: wanne ya fi jure murɗiya?

Wani ɗan'uwa ya ce ya buɗe bonet aka taka totur, sai ya ga injin ya karkata, shi ne yake tambaya ko bulok, wato gangar jikin inji da silindoji ke ciki, yana murɗewa, kuma tsakanin na baƙin ƙarfe da na alminiyum wanne ya fi juriya.

Malam, abin da ka gani martani ne. Da irin ƙarfin da fistin ke juya karanshaf, wato sandar da ke kai juyin inji ga giyabos, da shi ake tura bulok ɗin zuwa ɗaya ɓangaren, kamar yadda Newton ya bayyana tun 1687. A Land Cruiser, inda aka girka injin bisa tsawon motar, gefe yake karkata. A Camry kuwa, da yake an girka shi a gicciye, gaba da baya yake rangaji, shi ya sa aka ɗaure shi da ɗan sanda mai roba daga sama. Robobin kujerar inji ne ke shanye wannan.

Murɗiyar da ta fi damuna ita ce wadda ido ba ya gani. Silindoji ba sa fashewa lokaci guda, saboda haka yayin da ta gaba ke dukan karanshaf, giyabos yana riƙe da bayan bulok ɗin, sai jikinsa ya riƙa murɗewa kaɗan kaɗan kamar ana matse wanki. Idan abin ya yi yawa, mazaunin karanshaf yakan goce, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansa ya cinye, gasket ya fara yoyo.

Baƙin ƙarfe ya fi alminiyum ƙin lanƙwasa da kusan rabi idan kaurinsu ɗaya, yana kuma shanye girgiza. Da shi Toyota ta yi bulok ɗin 1HZ, injin dizal mai lita 4.2 da ta fitar a 1990, wanda silindojinsa shida a jere doguwar hanya ce ga murɗiya. Aibinsa nauyi, don ya ninka alminiyum fiye da sau biyu da rabi.

Rashin nauyin alminiyum ne ke ba injiniyoyi damar ƙara wa bulok ɗinsa kauri da haƙarƙari, su ɗaure ƙasansa da faranti guda, har taurinsa ya wadatar. Inda yake da rauni shi ne zafi, domin yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. An san injin 2AZ-FE na Camry ɗin 2002 zuwa 2006, wadda muke kira Big Daddy, da zamewar zaren kusoshin da ke ɗaure top silinda, wato murfin saman bulok, kuma zafi yana tsananta hakan.

A ganina, motar daji mai ɗaukar kaya ta fi dacewa da baƙin ƙarfe, ta cikin gari kuwa alminiyum ya ishe ta, muddin ba a bar ruwa ya tafasa ba. Idan kuma karkatar da ka gani tana zuwa da ƙara lokacin sa giya, a fara duba robar kujerar inji, domin galibi ita ce ta tsage.