Turmi, bilenda ko firiza: wanne za ki saya saboda ragowar nama?

Kwana biyu bayan Babbar Sallah, da wuya ki shiga gida a Kano ba ki tarar da kwanon nan da kowa ke kauce masa ba: gasasshen naman sa da aka manta a kan garwashi har ya koma kamar ƙirgi, ga ragowar balangun da yara suka gaji da tauna. Zubar da shi almubazzaranci ne, ci kuma sai mai haƙorin kura. To da me za a cece shi, kuma ina ya kamata kuɗinki ya tafi?

Naman da ya wuce gashi, zafi ne ya matse tsokar ya kore ruwan da ke cikinta, kuma babu injin da zai mayar da ruwan nan. Dabara biyu ce ta rage. Ko ki yanka shi siriri, ki gicciye zaren naman da wuƙa, ki jefa a romo mai ɗan maiƙo ya daɗe a ƙaramar wuta, ko ki bi bushewar har ƙarshe ki yi dambun nama. Ni dai dambu nake yi, shi ya sa za ki ga inda na karkata.

Firiza tana da kyau ga mai sola ko tsayayyar wuta. Amma ajiya kawai take yi: ƙirgi kika saka, ƙirgi za ki ɗauko. A firij kuwa dafaffen nama kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa, kuma a zafin Afrilu, da rana ke haura digiri 40, in an ɗauke wuta da safe kafin la'asar kin fara jin tsami. Bilenda ba sai mun daɗe a kanta ba, naman take mayarwa kamar kunu, in ma bakin bai karye ba. Tukunyar firesha kuwa gwana ce a farfesun ƙafar sa da nama mai jijiya, amma busasshiyar tsoka sai ta farfashe a ruwa, a baki kuma har yanzu kamar dusa.

Turmi fa? Ba ya jiran wuta, ba ya shan fetur. Ki tafasa naman da albasa, citta, tafarnuwa, kanumfari da attarugu har ruwan ya tsotse, ki juye a turmi da zafinsa ki kirɓa. Taɓarya ba ta yanka nama, warware shi take yi zare-zare, kamar an shaɓe auduga. Daga nan sai suya a man gyaɗa, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har kumfar man ta kwanta, alamar ruwa ya fita ke nan. Dambun da ya soyu haka, aka tsane mansa, aka rufe a busasshen mazubi, yana yin makonni ba firij. Ɓangaren da ya ƙone baƙi ƙirin ne kawai za ki kankare tun farko, don ɗacinsa ba ya fita. Ki barbaɗa a shinkafa da wake, ki cusa a burodi wa 'yan makaranta, ki aika wa ɗanki da ke makarantar kwana.

Sai dai sayen turmin shi ne inda ake cin mutane. Mafi ƙarko na icen kirya ne: nauyi gare shi, jikinsa ja mai duhu, gara ba ta cika kusantarsa ba. Saboda sunan da ya yi, kowane turmi a bakin mai sayarwa kirya ne. Ni an taɓa yi min. Na sayi wani baƙi mai sheƙi, mai shi har da rantsuwa, ina kirɓa naman layya sai ga gindin ya buɗe, romo na bin ƙasa. Ashe farin ice ne mara nauyi aka shafe da wani baƙin abu, tsagar da ke ciki aka toshe da garin katako da gam. Naman ranar har wari ya ɗauka.

Don haka in kin shiga Kurmi ko kasuwar Rimi, kada kunya ta hana ki. Ki ɗaga shi: in kin ɗauke shi da hannu ɗaya ba nishi, ki ajiye. Ki goga farin tsumma a jiki, in ya yi baƙi an shafa masa wani abu. Ki kankara da farce a gindi ki ga launin ciki ko ya yi daidai da na waje. Ki haska fitilar waya a cikin ramin, ki nemi layin da launinsa ya bambanta, nan ne ake ɓoye tsaga. Ƙananan huji masu zubar da gari kuwa ƙwaro ne a ciki. Ɗanyen ice ma yaudara ne, ruwa ne ke ba shi nauyi, iskar hunturu na kaɗawa zai dare. Ki shinshina, ki ce: "Malam, zuba min ruwa a ciki mu gani." Wanda ya san kayansa ba zai ƙi ba.

Matsakaici ya ishe ki, ki ware shi don nama kaɗai, kada ya haɗu da na dakan daddawa. Kafin amfanin farko ki daka dusa a ciki sau biyu ta kwashe garin sassaƙa, ki wanke, ki shafa man gyaɗa, ki kife shi a inuwa.