Mai rewaya a Gumel da ya gano ciwon fitilar Fijo ɗina

Jama'a duk mai tsohuwar Fijo 504 a yankin Gumel da fitila ke wahalar da shi, akwai wani mai rewaya a wajen tasha, wallahi ya san aikinsa. Tawa fikof ce haɗin Kaduna, kun san tun 1975 ake haɗa Fijo a can, da ita nake kai kaya kasuwar Maigatari ran Alhamis kuma da asuba muke fita, to mota ba fitila a hanyar nan ga shanu ga amalanke ai ganganci ne.

Fitilar dama ta koma ja-ja kamar aci-balbal, in na sa sigina sai ta dinga lumshewa tare da shi, ful kuma wani sa'in ya ɗauke gaba ɗaya. Inda na fara kaiwa kwai kawai suke canjawa su karɓi kuɗi.

Shi wannan bai yanke waya ko ɗaya ba sai da ya bi layin da testa, daga batir zuwa fis zuwa makunni har bayan kwan. Ya ce "Alhaji kwanka lafiya lau, wuta na zuwa, hanyar komawa ce babu." Ashe wayar da ake ɗaurewa a jikin bodi ce tsatsa ta cinye, ya kwance noti ya goge wurin da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya sa sabon kai ya shafa giris, nan take haske ya dawo.

Maganar ful kuwa, kwai mai wat 100 aka sa min maimakon 60/55, wutar duk ta makunni take bi, ya nuna min soket ɗin har ya narke ya yi baƙi, ƙauri na tashi. Ya mai da kwan daidai, ya ƙara rile biyu (ƴan na'urorin da ke ɗauke wa makunni nauyin wuta) da fis nasu, ɗaya na dim ɗaya na ful.

Inda zan ɗan yi ƙorafi, ba ya ajiye kaya, sai an tura yaro kasuwa, rumfar kuma ƙarama ce rana na dukan mutum, kuma ba ya sauri sam. Kuɗinsa ya ɗan fi na sauran amma ni ban ji ciwon biya ba. Ku je da sassafe, in da hali ku riƙe rile da fis ɗinku a hannu.