Gargaɗi: mai gyaran giyabos ɗin da ya cinye min N1,850,000

Jama'a ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, raina ne a ɓace. Kwana uku ina rubutawa ina gogewa saboda kunya. N1,850,000. Ba sace min aka yi a aljihu ba, da yatsana na danna tiransfa, har sau uku.

Motata Hilux ce mai shan gas, ƙirar 2013, injin 3.0 D-4D, giyarta otomatik mai hawa biyar, wadda makanikai ke kira A750F. Da ita nake kai taki gona a Kura, da kaka kuma in ɗauko masara daga Doguwa. Bayan damina motar ta fara wani hali: in na taka totur sai injin ya yi ta ihu, allura ta haye, amma motar ba ta ƙara gudu, sai can ta fizga kamar an hankaɗa ta daga baya. Da kaya a bayanta, a hawan dajin Falgore, abin ya fi muni.

Ni ba baƙon mota ba ne, ina so a san wannan. Shekara goma sha bakwai ina riƙe da sitiyari. Na san giyar otomatik ma tana da kuloci, ba ɗaya ba, jerin faya-fayai ne a cikinta, na ƙarfe da masu fata, suna jiƙe cikin mai, ƙarfin man ne ke matse su giya ta kama. Na san in fatar ta cinye haka motar ke sulɓewa. Don haka da mutumin nan ya fara bayani, abin da na riga na sani ya faɗa. Ta yaya zan zarge shi?

A Facebook na gan shi. Bidiyo kan bidiyo, giyabos a buɗe kan tebur mai tsabta, yana ɗaga faifai yana cewa shi ba gyara kawai yake ba, ƙara wa giya ƙarfi yake, faya-fayansa na musamman ne daga Dubai, na motocin da ke jan kaya, za su ninka na kamfani daɗewa. A'a, kafin nan ma wani abokina ne ya turo min bidiyon a WhatsApp, shi ma bai taɓa kai masa mota ba, gani kawai ya yi. Ban riƙe shi a raina ba. To, na ɗan riƙe shi.

Ranar da na je garejin, a nan cikin Kano, ita ce ba ta barina barci. Ya kwance ƙusar man giya, ya tara yatsa, ya shinshina, sannan ya miƙo min yatsan har bakin hancina. Ya ce, "Alhaji, shinshina da kanka, kada ka ce ni na faɗa." Na shinshina. Ƙauri. Man da ya kamata ya zama ja ya koma kamar shayin da aka zuba wa madara. Ya girgiza kai ya ce, "Kuloci ya ƙone, ranka ya daɗe, amma Allah Ya kawo ka da wuri." Ana kiran azahar, ya ɗauko buta ya ba ni na fara alwala, muka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Wannan yatsan. Kullum sai na ga yatsan nan a gaban hancina. "Shinshina da kanka." Mutumin da ya ce ka duba da kanka, wa zai kawo a ransa ɓarawo ne?

N1,200,000 na fara turawa, na faya-fayai da roba-robai da aiki. Bayan kwana huɗu ya kira, wai konbata, wato abin da ke miƙa ƙarfin injin zuwa giya, ita ma ta tafi, dattin kulocin ya cika ta, in aka mayar da ita za ta kashe sabon aikin. Kuma wannan gaskiya ne, haka abin yake, na tambayi mutum biyu suka tabbatar. N450,000. Sai N200,000 na mai da filta da "saitin kwamfuta". Ku haɗa: N1,850,000. Duk alat ɗin suna nan, zan ɗora hotunansu, har da saƙon muryar da yake rantsuwa cewa konbatar sabuwa ce dal a kwalinta.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin kuɗi na biyu ya turo min hoton faya-fayai baƙi ƙirin a cikin wata roba, wai nawa ne. Hoton ne ya sa na saki jiki. Na ce zan zo in tsaya a kan aikin, ya ce, "Haba Alhaji, amana ce tsakaninmu, ka je ka ji da gonarka." Na ji kunyar matsawa. Kunya! Kunyar N1,850,000.

Na karɓi mota ranar wata Alhamis. Giyabos na ƙyalli, an fesa mata fenti ruwan azurfa, fitilar gargaɗi ta mutu a dashbod. Kwana tara ta yi lafiya, har na yaba masa a gaban mutane, har na ba wani lambarsa, Allah Ya sa bai je ba. Rana ta goma, buhu goma sha biyu a baya, daidai Kwanar Ɗangora, ta tsaya cik. Injin na aiki, giya a D, mota ko motsi. Ribas ma babu. Janwe ya ci nasa kuɗin, wannan ban ma sa shi a lissafi ba.

Wani dattijon bakanike ne ya buɗe ta a gabana, mutumin da ba shi da Facebook, ba shi da tebur mai tsabta, kan tsohon buhu ya zube kayan. Da ya sauke kaskon mai na ƙasa, maganaɗisun ciki ya yi gashi da garin ƙarfe, ga baƙar laka jibge. Filta tsohuwa. Konbata tsohuwa, an goge ta da fetur. Faya-fayan kuwa nawa ne na asali, fatar wasu ta ɓare gaba ɗaya. Na ce, "Baba, to waɗanda ya turo min a hoto fa?" Ya dubi wayar ya ce, "Yaro, waɗannan ba na irin giyar nan ba ne, haƙoransu ma daban." A cewarsa an canza mai ne kawai, aka zuba maganin da ke ƙara masa kauri don giya ta ɗan kama na 'yan kwanaki, aka goge lambar matsala a kwamfuta.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tushen ciwon. Baba ya buɗe murfin lagireto ya nuna min mai na yawo a kan ruwa. Bututun da ke sanyaya man giya ta cikin lagireto ya bi, ya tsage, ruwa ya shiga mai. Ruwa kuma shi ke ɓare fatar kuloci daga jikin faifai. Wannan launin shayi da madarar, da wancan ya kai min har hanci, shi ne shaidar. Ya gani. Ya sani. Ko da sababbin faya-fayai ya sa da gaske, muddin ba a canza lagireto an wanke bututan ba, da sun bi na farko. Baba ya ce wancan ko geji bai ɗaura ya auna ƙarfin mai ba, tunda ƙusar wurin da tsatsarta. Ni kuma ban tambaya ba. Shekara goma sha bakwai, ban tambaya ba.

Na koma garejin sau uku. Na farko wai ya tafi Legas ɗauko kaya. Na biyu yaransa suka ce ai shi haya yake da gefen rumfa, ba mai wurin ba ne. Na uku, a'a, kafin na ukun ne ya ɗaga waya sau ɗaya ya ce lodi na yi mata fiye da kima, garanti ba ya ɗaukar ganganci. Buhu goma sha biyu, a giyar da ya ce ya ƙara wa ƙarfi don jan kaya! Daga nan ya toshe ni. Bidiyonsa na nan suna yawo, jiya ma ya ɗora sabo. Ban sa sunansa ba tukuna saboda maganar ta je hannun hukuma, an ce in dakata.

In za ku kai giya gyara: a buɗe a gabanku, ku karɓi tsofaffin kayanku a hannu, kada ku biya kafin ku ga sababbin a kwali, a duba lagireto.

Motar na can kan duwatsu a wurin Baba, masarata na Doguwa ina biyan hayar wata motar. Uwargida N800,000 ta sani, in ta karanta wannan ta ji sauran. Hotunan alat da saƙon muryar zan ɗora su bayan isha'i, in na rufe lambar asusun.